Dare a Sao Paulo: ina baƙon da ba ya shan giya zai nufa?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zama a Sao Paulo ta ƙasar Birazil, ko ya san garin sosai. Cikin watan Yuni, in Allah ya kai mu, zan raka maigidana Alhaji can. Za mu duba injinan matsar man gujiya da na ɓarzar masara, kuma akwai maganar sukari da yake son ya yi baki da baki da masu kaya, ya huta da dillalan Kwatano. Aikin rana an riga an tsara shi, akwai tafintan da zai riƙa zuwa yana ɗaukarmu. Dare ne ya dame ni.

Tafintan ya ce ƙarfe biyar yake tashi aiki. Ni kuwa mutumin fada ne, a nan Maradi ban cika kwanciya ba sai an sauke shayi na uku. Alhaji ma mai son hira ne, shi ne ma ya ce in bincika mana. Duk abin da na gani a intanet mashaya ce da gidan rawa. Mu ba ma sha, kuma ba zan kai dattijo mai shekara sittin da ɗoriya wurin da zai ji kunya ba. To ina baƙo irinmu yake zuwa bayan isha'i? Ina ake cin abincin da zuciya za ta kwanta da shi? Kuma gaskiya ne abin da ake faɗa, wai ba a fita da waya a hannu? Otel ɗinmu yana kusa da titin da ake kira Paulista. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Dattijon Mokoyo

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah shi kai ku lahiya. Ni ma sukari ya kai ni garin nan, shekaru sun ja. Shawarata gajeruwa ce: in kunka gama aikin rana, ku ci abinci, ku yi salla, ku ruhe ƙofa. Gari ne na mutum sama da miliyan 11, ba ka jin harshensu, Faransancinka kuma ba shi yi maka amfani, harshen Fotugis suke yi. Gabana anka hizge wayar abokin tahiyarmu, a ƙofar otel. Yaro ne bisa keke, kahin mu ce innalillahi ya sha kwana.

In dole sai kun hita, ku tahi masallaci. Akwai babba a unguwar Cambuci, Mesquita Brasil. Larabawan Siriya da Labanon sunka kafa ƙungiyarsa tun 1929, anka buɗe ginin a 1960. Ranar Juma'a ana cika. Can za ku samu wanda zai nuna muku inda ake cin halal. Abin da ya wuce haka, ban ga abin da Alhaji zai nema a titi da dare ba.

Na Ali Ɗan Sofo

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar waya gaskiya ce, zan ma ƙara a kanta. Amma ban yarda su kulle kansu a ɗaki ba. Na yi shekaru a ƙasar. Na fara da yankan kaji a wata mayanka ta jihar Parana, daga baya na dawo Sao Paulo ina sayar da kaya a unguwar Bras, kuma na ga abin da zaman ɗaki yake yi wa baƙo. Watan Yuni hunturu ne a can. Rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi, kafin bakwai kun idar da isha'i. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu, wato a lokacin Maradi ta kusa sha ɗaya, iyali sun kwanta, babu wanda za ka kira. Mutum ya zauna tun bakwai yana kallon talabijin da ba ya jin abin da ake faɗa, ba a daɗe ba zai tsani garin da mutanensa, har cinikin da ya kawo shi ya fita ransa.

Ƙanena, abin da za ka riƙe shi ne a can ba a hira a bakin titi. A cikin gini ake hirar dare, kuma daga ƙofa zuwa ƙofa ake tafiya. Ka sa manhajar kiran mota, Uber ko 99, a wayarka tun kana gida. Ka kira mota kana cikin otel, ka duba lambarta, ka mai da waya aljihun gaba, sannan ka fito. In kana son duba taswira a hanya, shiga kanti ko kantin magani ka duba. Ɓarayin waya ba ruwansu da baƙo ko ɗan gari, wanda ya tsaya a bakin kwalta yana danne-danne shi suke nema. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tsabta, yana bi ta ƙarƙashin Paulista ɗin ma, kuma yana aiki har wajen sha biyun dare. Lambar ƴan sanda 190 ce.

Wurin da zai maye maka gurbin fada shi ne padaria. Asalinsa gidan burodi ne, amma manyan cikinsu suna da tebura da kujeru, wasu kuma ba sa rufewa dare da rana. Akwai ɗaya a titin Haddock Lobo, Bella Paulista, taku kaɗan daga Paulista. Kana shiga za a miƙa maka kati a ƙofa, duk abin da ka ci a kansa ake rubutawa, sai za ka fita ka biya. Ka riƙe katin nan da kyau, ɓatansa tara ce. Ka nemi tebur na ciki, nesa da ƙofa saboda iska. Za ka ga na'ura tana haɗiye lemo ɗaya bayan ɗaya tana zubo ruwansa a kofi, wani yana toya burodi da man shanu a kan faffaɗan ƙarfe, a hunturu kuma ga tukwanen miya mai zafi a jere. Ƙarfe ɗayan dare za ka tarar da ma'aikatan asibiti da suka tashi aiki, da direbobin tasi, da tsofaffi mata da miji. Ana sayar da giya a ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma ba ita ce ta tara mutane ba, kuma babu kiɗa. Kai da Alhaji ku yi awa biyu a kan kofi da madara, babu wanda zai ce ku tashi. Shayi kam ba su iya ba. Ka taho da ganyenka daga gida, ka sayi ƙaramar butar lantarki a can, don wutar garin 127 ce, butarmu ta 220 sai ta gaji da kai kafin ta tafasa.

Maganar abinci kuwa sana'ata ce, ka saurare ni. Birazil ce ta fi kowace ƙasa fitar da kajin halal, da hannuna na yanka wasu, da bisimilla a kan kowace. Amma waɗannan a kwali ake zuba su a kai tashar jirgin ruwa, su nufi ƙasashen Larabawa da Afirka. Kazar da ke gidan abincin unguwa ba lalle daga wannan layin ta fito ba. Haka kuma kada sunan Larabci a allo ya ruɗe ka. Yawancin Larabawan da suka fara zuwa ƙasar Kiristoci ne, jikokinsu ne ke da gidajen abinci da yawa. Inda za ka fi samun halal na gaskiya shi ne Pari da Bras, kusa da masallacin Pari, da ƙananan wuraren da ƴan gudun hijirar Siriya suka buɗe bayan yaƙin 2011. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne alade a inda bai zata ba. Wake da ake zuba wa shinkafa sau da yawa da kitsensa ake dafawa. Garin rogo soyayye da ake ajiyewa a gefe, haka. Feijoada, wato miyar baƙin wake ta Laraba da Asabar, wadda za a yi ta yaba muku ita, da alade ake yinta daga kunne har ƙafa. Ka sa tafintanku ya rubuta maka "sem porco" (ban da alade) da "sem álcool" (ban da barasa) a takarda, ka riƙa nunawa. Kuma in an kawo wani kofi mai yankakken lemon tsami da ƙanƙara da sukari, ba lemo ba ne, caipirinha ce, barasar rake ce a ciki. Ruwan rake zalla kuwa da na ɗan itacen maracujá da lemon kwalba na guaraná, ku sha ku more. A gidan gasasshen nama, inda ake ba ka kati mai kore da ja ana ta kawo nama a tsinke har sai ka juya jan, hukuncin yanka tsakanin Alhaji ne da malaminsa, amma ka sani tsinken alade yana zagayowa tare da na naman shanu. Mafi sauƙi shi ne kifi a Liberdade, unguwar Japanawa mai jajayen fitilu, ko fiza mai cuku da tumatir a Bixiga, unguwar mutanen Italiya. Daren Lahadi rabin garin fiza yake ci.

Yanzu ga wanda na fi so ku gani, kuma na san ɗan kasuwar Maradi ba zai manta da shi ba: kasuwar tsakar dare ta Bras. Bayan sha biyu ake fara shimfiɗa kaya, wajen ƙarfe biyu zuwa uku ta kama sosai. Titunan da suke na motoci da rana sai su koma rumfuna. Manyan bas suna isowa cikin dare daga jihar Minas, daga jihar Bahiya, daga garuruwan da ake kwana a hanya kafin a zo, cike da ƴan sari, akasarinsu mata. Kowace ta sauko da ƙatuwar jaka, ta nufi mai wandon da ta saba da shi. Da yawa daga masu sayarwa ƴan Boliviya ne, kayan da suka ɗinka da rana a ɗakunansu su ne a gabansu. Ga ƴan Sanagal, ga ƴan Haiti, ga masu amalanke suna ihu a ba su hanya, ga mata masu kofi a filas da yankan kek. Ka tsaya ka kalli yadda ake ciniki: ba a dogon tayi irin namu, farashin guda daban, farashin dozin daban, ta ƙirga, ta cusa a jaka, ta wuce, don bas ɗinta da safe zai juya. Gari na wayewa a naɗe komai, manyan kantuna su buɗe. Daga nan masallacin Pari ba nisa, ku yi asuba wajen biyar da rabi, ku koma otel. Amma kada ku je ku kaɗai. Ku samu ɗan'uwa a masallaci ranar Juma'a wanda yake sana'a a can, ya shige muku gaba.

Wuraren da intanet ta nuna maka, Vila Madalena da gangaren titin Augusta, mashaya ce gaskiya, babu abin Alhaji a can. Tsakiyar gari kuwa, wajen Luz da Santa Ifigenia da dandalin Se, ko da rana sai da lura, da dare kada ku taka da ƙafa.

Ƴar Tibiri

Sannunku. Karatu nake a garin yanzu haka. Yaya na Ali Ɗan Sofo ya faɗi yawanci, zan ƙara abin da ya shafi watan da za ku zo.

Na farko sanyi. Kada ku ce Birazil ƙasar zafi ce ku taho da shadda kawai. Garin yana kan tudu, sama da mita 700, da dare sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 12, kuma gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Ku taho da rigar sanyi mai kauri da safa, musamman saboda Baba Alhaji.

Yuni watan bukukuwan da suke kira festa junina ne. Asalinsu na coci ne, na tunawa da waliyyansu uku a ranakun 13 da 24 da 29 ga wata, wannan ya kamata Baba ya sani kafin ya yanke. Ana yi a harabar coci, da makarantu, da kuma cibiyar mutanen arewa maso gabashin ƙasar da ke unguwar Limao. Iyalai ne ke zuwa da yara, ana sayar da dafaffiyar masara, da kunun masara mai madara da kirfa, da alewar gujiya kala-kala. Tunda man gujiya ya kawo ku, zai yi kyau ku ga abin da suke yi da ita. Abu biyu: abin sha mai zafi mai citta da ake kira quentão da barasa ake haɗa shi, kuma rawar da ake yi mace da namiji ne riƙe da juna. Ni nakan je da wuri, in ci masarata, in tafi kafin fili ya cika.

In kuna son zama cikin natsuwa, akwai Sala Sao Paulo. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce aka mai da zauren kiɗa a 1999. Mutane suna zaune shiru, masu goge da algaitun Turawa suna bugawa, babu rawa, babu hayaniya. Tana cikin unguwar da Yaya ya ce kada a taka, don haka mota ta sauke ku a ƙofa ta ɗauke ku a ƙofa. A kan Paulista kuma akwai ginin cibiyar al'adu ta Sesc, ana hawa bene na 17 kyauta a kalli titin da fitilunsa, ku sa ma'aikacin otel ya kama muku wuri. Lambun Ibirapuera ma yana buɗe har cikin dare, mutane suna tattaki da gudu, in Baba yana son miƙe ƙafa bayan magariba. Ku tsaya inda haske da jama'a suke.

Ɗan Kadro

Haba jama'a, a je Birazil ba a shiga filin ƙwallo ba? Ɗan'uwa, ko Alhaji bai je ba kai ka je. Filin ƙungiyar Corinthians ne aka buɗe Kofin Duniya na 2014 a cikinsa, Birazil ta ci Kuroshiya 3 da 1, a fadarmu muka kalla har janareto ya ƙare mai. Ka je ka ɗauko mana hoto.

Na Ali Ɗan Sofo

Ɗan Kadro ya yi gaskiya, kuma yana cikin abin da dattijo zai iya zuwa. Lokacin da nake can ba a sayar da giya a cikin filayen jihar. Wasan tsakiyar mako yawanci daren Laraba ne, wasu tara da rabi ake take su, wato sai kusan sha ɗaya da rabi a tashi, a yi ta gudu don a riski jirgin ƙarshe. Filin Corinthians yana ƙarshen jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Itaquera, tafiya ce mai nisa daga otel ɗinku. Na Palmeiras ya fi kusa da ku. Tikiti ta intanet ake saye, kuma manyan filaye yanzu da hoton fuska ake shiga, don haka tafinta ya yi muku rajista da fasfo tun da kwanaki. Ka duba jadawali kafin ka sa rai, shekarar da Kofin Duniya ya faɗo a Yuni ana dakatar da gasar ƙasar. Launi kuma ba abin wasa ba ne: kada ka shiga cikin ƴan Corinthians da koren kaya, ko hula ce, kore na Palmeiras ne. Ƙiyayyar ta kai tun 2016 in manyan ƙungiyoyin jihar za su kara da juna, magoya bayan mai gida kaɗai ake bari su shiga.

Ɗan Bagalam

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Alhaji duka. Maganar biki ya ce a bar ta, ƙwallo ya ce ni in je in an samu wasa. Kasuwar dare kuwa tun jiya yake tambayata a kanta, har ya ce zai duba ko kayan yara za su yi riba a nan. Baba na Mokoyo, ya ce in gaishe ka, kuma Juma'ar farko a Cambuci za mu yi ta. Yaya, wane dare ya fi don zuwa kasuwar, kuma wane kuɗi za mu riƙe?

Na Ali Ɗan Sofo

Farkon mako, wayewar Litinin ko Talata, lokacin ne ƴan sari suka fi yawa kuma kaya sabo ne. Ku kwanta bayan isha'i, ku tashi ƙarfe biyu. Sefa ba ta canzuwa a can, ku taho da yuro ko dala, ku canza zuwa real, kuɗin ƙasar, da rana a wurin canji na cikin manyan kantuna, ba a filin jirgi ba, can farashin ya fi muni. Ku raba kuɗin aljihu biyu, ƙananan takardu a sama. Masu rumfa da yawa suna karɓar katin banki, amma ka karanta adadin da ke fuskar na'urar da idonka kafin ka danna lamba, in gilashin a fashe yake ko ba ya nunawa, ka biya da tsaba. Fasfo ya zauna a otel, ku riƙe kwafinsa da katin otel ɗin. Kayan yara kuwa, Alhaji ya sayi samfuri kaɗan tukuna ya lissafa kuɗin dako har Maradi, don kayan Sin da ke shigowa ta Lome sun fi araha, sai dai a ɗinki da yadi na Bras ya fi su.